Abin da Muka Gani Cikin Faifan Kwamfuta

A wani shagon gyaran kwamfuta da ke Kakuri, mun kwance tsohon faifan ajiya da ya daina aiki. Ciki muka tarar da faranti mai sheƙi kamar madubi. Duk hotuna da takardun mai shi suna kan wani siririn rufi ne na ƙarfen kobalt da filatinam, wanda kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 1,000 na gashin kai ba.

Yadda aka shimfiɗa rufin nan shi ke tsara halin maganaɗisunsa. Ana zuƙe iskar wani akwati, a zuba iskar agon kaɗan, a sa lantarki ya riƙa jifar ƙarfen da ita, burbushinsa na sauka kan farantin. Zafi da matsin iskar su ke tantance girman ƙwayoyin rufin. In sun yi manya, bayanai kaɗan zai ɗauka. In sun cika ƙanƙanta, ɗumi kawai zai goge su.

A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka gano cewa jera siraran rufi yana sa a karanta maganaɗisu mai rauni, amma hanyarsu akwai tsada da jinkiri. Sai da Stuart Parkin na IBM ya nuna hanyar jifar nan ta wadatar, sannan fasahar ta shiga kasuwa a 1997.

Ƙannenmu, darasin maganaɗisu na ajin Fiziks a nan yake aiki. Kada ku raina shi.