Takardun Na Gaba Su Ne Malamin Ɗalibi

Yaranmu da ke samun shiga jami'o'in nan na Ibadan, Legas da Nsukka sukan yi kuka da abu guda: sun iya Turanci, amma maki ba ya zuwa. Sau da yawa laifin yana wajen tsara sakin layi ne.

To, darasin Turanci da ake yi wa 'yan shekarar farko yana da amfani, amma bai kai aron takardun 'yan ajin gaba ba, musamman waɗanda malami ya bi da jan biro. A samo biyu, mai maki da yawa da mai kaɗan, a jera su.

A ce an tambayi dalilin kafuwar unguwar Sabo ta Ibadan a 1916. Mai ƙaramin maki zai cusa shanu, goro, masallaci da sarauta cikin sakin layi ɗaya, kamar kayan koli. Ɗayan kuwa jimlarsa ta fari za ta ce ciniki ne ya tara Hausawa. Sai hujja ta biyo: jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, shanu suka riƙa gangarowa, goro yana haurawa. Maganar sarauta sai sabon sakin layi. Wato kowace magana da ɗakinta.

Amma fa tsarin ake ɗauka. Wanda ya kwafe jimlolin wani, malami yakan gane, don shi ya duba takardar bara, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga kora.