Allunan Tanderu Marasa Nauyi: Ribarsu Da Haɗarinsu Ga Magina Tangaran

LAFIYA — Duk wanda ya yi niyyar zuba jari a sana'ar ginin tangaran, watau farantai da kofuna da butocin yumɓu masu ƙyalli, abin da yakan fara tambaya shi ne kuɗin gina tanderu da kuɗin makamashi. Ba kasafai akan tuna da allunan da ake jera kaya a kansu cikin tanderun ba, alhali kuwa su ne ke shanye wani babban kaso na wutar da aka saya da tsada, kuma karyewar guda ɗaya daga cikinsu tana iya rusa aikin wata guda a dare ɗaya.

Wannan batu ya shafi Jihar Nasarawa ƙwarai. Tun da aka ƙirƙiro ta daga Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka kuma mai da Lafiya hedkwatarta, ake yi mata kirari da gidan ma'adinai, saboda gishirin Keana da Awe, da kwal na yankin Obi, da sauran albarkatun ƙarƙashin ƙasa. Ginin tukwane kuwa tsohuwar sana'a ce a tsakanin matan karkarar jihar, ga kuma kasuwar Abuja a bakin iyaka, inda otal-otal da gidajen abinci da masu sayen kayan ado suke bukatar tangaran kullum. Abin da ya raba tukunyar ƙauye da farantin otal shi ne irin gashin da aka yi wa kowanne.

A matoyar gargajiya akan tara tukwane da randuna a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna wuta. Zafin bai cika wuce digiri 800 a ma'aunin santigireti ba, kuma babu laifi idan tukunya ta jingina da 'yar'uwarta. Tangaran kuwa sai an kai shi tsakanin digiri 1,200 da 1,300, inda ruwan ƙyallin da aka shafa masa yake narkewa ya zama gilashi. A wannan hali duk kofi biyu da suka taɓa juna sun manne ke nan har abada. Saboda haka dole a raba kayan hawa-hawa a bisa alluna masu jure wuta, kamar yadda ɗan tireda yake jera hajarsa a kanta.

Wannan irin gashi ya shigo Arewacin Nijeriya ne ta hannun wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki a 1950. Shi ya kafa Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja a yanzu, ya kuma shugabance ta har 1965. A nan ne Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko da aka ɗauka, ta haɗa zanen randunan Gbagyi da gashin zamani har sunanta ya kai Turai da Amurka. Ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Littafin da Cardew ya fitar a 1969 mai suna Pioneer Pottery ya yi bayanin yadda magini zai nemo yumɓu da duwatsu a ƙasarsa ya haɗa abin da yake bukata, har da tubali mai jure wuta. Daga wannan tushe aka sami wuraren ginin tangaran irin na Maraba kusa da Kaduna, da na Minna, da na Bwari. Haka kuma ƙauyen Ushafa, wanda Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000, ya yi suna da cibiyarsa ta magina mata. Waɗannan su ne makarantu mafi kusa ga duk ɗan Lafiya da ke son shiga harkar.

Nauyin Da Ke Cin Wuta

Allon da aka fi sabawa da shi ana yin sa ne da wani haɗi da ake kira kodiyarait, wanda ake samu idan aka gasa farin yumɓu tare da dutsen da ake yin hodar jiki da shi. Yana da sauƙin kuɗi, yana kuma jure sauyin zafi, amma sai an yi shi da kauri, sau da yawa har milimita 25, kafin ya iya ɗaukar kaya. Idan aka yi ta kai shi kusa da digiri 1,300, a hankali tsakiyarsa takan lotsa, sai farantan da aka ɗora masa su ma su fito a karkace.

Alluna marasa nauyi iri biyu ne. Akwai na kodiyarait ɗin da aka yi wa ramuka a ciki daga wannan gefe zuwa wancan, kamar bulon siminti, domin a rage nauyi ba tare da an rage kauri ba. Akwai kuma na silikon kabaid, wani abu mai tsananin tauri da Edward Acheson ya fara haɗawa a Amurka a 1891, wanda dabam yake da kabaid ɗin da masu walda suke jiƙawa da ruwa. Allunan zamani na wannan iri kaurinsu bai wuce milimita 8 ba, suna jure zafi fiye da digiri 1,400, kuma ba su lotsawa.

Lissafin a fili yake. Allo mai faɗin santimita 30 da tsawon santimita 60, idan na kodiyarait ne mai kaurin milimita 25, nauyinsa ya kai kimanin kilo 9. Na silikon kabaid mai wannan girma kimanin kilo 4 ne. Alal misali, tanderun da ke cin alluna 12, biyu-biyu a hawa shida, zai ɗauki kilo 108 na tsofaffin alluna, ko kuwa kilo 48 na sababbi. Bambancin kilo 60 ke nan na abin da dole a kai shi digiri 1,250 a kowane gashi, ba kuwa sayar da shi za a yi ba. Zafin da kilo 60 ɗin nan zai shanye ya yi daidai da na gas kimanin kilo ɗaya da rabi, in da dukkan wutar a jikin allon take tsayawa. To, da yake mafi yawan zafin ƙaramin tanderu ta bututun hayaƙi da bango yake zurarewa, gas ɗin da za a ƙona a zahiri ya ninka haka.

Bugu da ƙari, akwai ribar fili. Kowane hawa yana rage milimita 17, hawa shida kuwa sun ba da kimanin santimita 10, watau gurbin ƙarin jeri guda na farantai a wuta ɗaya. Har ila yau tanderun yakan yi saurin ɗaukar zafi, ga kuma sauƙi ga bayan mai loda kaya, musamman mata, waɗanda su ne suka fi yawa a sana'ar.

Sai dai araha ba ta ado. Allon silikon kabaid daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuɗinsa kuma ya ninka na kodiyarait sau da dama. Tun bayan da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma bar Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin wannan shekara, kuɗin makamashi da na kayan waje suka tashi tare. Ma'ana, dalilin sayen allon ya ƙaru, wahalar sayensa ma ta ƙaru. Jari irin wannan ba ya mayar da kansa sai allon ya yi shekaru yana aiki, wannan kuwa ya dogara ne ga irin riƙon da aka yi masa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ruwa, Iska Da Wutar Lantarki

Babban abokin gabar siririn allo shi ne laima. Jikinsa a matse yake ƙwarai, ruwa ba ya shigarsa da wuri, amma idan ya shiga ba ya samun hanyar fita da wuri. Ruwan da ya zama tururi kuwa yana neman fili kusan sau 1,700 fiye da na da, saboda haka allon da ya sha laima yana iya tarwatsewa cikin tanderu, ya haɗa da kayan da ke sama da ƙasa da shi. A gari irin Lafiya, inda damina take kamawa daga wajen Afrilu har Oktoba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kamata ya yi a ajiye allunan a tsaye bisa gefensu, a kan katako, cikin ɗakin da ba ya yoyo. Kada a kwantar da su a daɓen siminti, kada a bar su cikin tanderun da ke tsakar gida ruwa yana dukansa, kada kuma a ɗora musu kayan da ba su gama bushewa ba. Wanda ake zaton ya jiƙa, sai a ɗumama shi shi kaɗai, a riƙe zafin kusa da digiri 100 na tsawon sa'o'i masu yawa kafin a ƙara wuta.

Abu na biyu shi ne bambancin zafi a jikin allo guda. Idan harshen wuta yana dukan gefe ɗaya, ɗayan gefen yana da sanyi, ɓangaren da ya yi zafi zai buɗe ya bar ɗan'uwansa, sai allon ya tsage. Don haka ba a sa siririn allo daidai bakin wuta, musamman a tanderun itace. Gara a bar tsoho mai kauri a hawan ƙasa, a jera marasa nauyin daga sama. Haka nan wajen hucewa. Ɗoki yakan sa magini ya buɗe ƙofa da wuri domin ya ga yadda kaya suka fito, a lokacin hunturu kuwa iska mai sanyi tana shiga ta bugi alluna da kaya gaba ɗaya. Yashin da ke cikin yumɓu yana sauya girma farat ɗaya a wajen digiri 573, wani nau'insa kuma a wajen digiri 220, saboda haka ya fi kyau a haƙura har sai hannu ya iya taɓa kayan.

Na uku ya shafi masu tanderun lantarki. Silikon kabaid yana ɗaukar wutar lantarki. Idan allon ya taɓa wayar da ke ba da zafi a bangon tanderu, yana iya ƙona wayar, yana kuma iya jan mai aiki. Wajibi ne a bar tazara tsakanin allo da bango, a kuma kashe wutar daga tushe kafin lodi ko saukewa.

Wajen jerawa, ƙafa uku ake sa wa kowane allo, kamar duwatsun murhu, domin ƙafa uku ba ta gurgusawa ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Ƙafafun kowane hawa kuma su zauna daidai bisa na ƙarƙashinsu, yadda nauyi zai sauka kai tsaye har ƙasa. Kafin lodi a ƙwanƙwasa allon da yatsa, kamar yadda mai sayen tulu take yi a kasuwa. Lafiyayye yakan yi ƙara tangararau, mai tsaguwa kuwa muryarsa a dushe take, irin wannan ba a ɗora masa kaya masu daraja.

Game da ɗigar ruwan ƙyalli, allon kodiyarait yana tsotse ta, ta ci jikinsa, don haka akan shafa wa fuskarsa ta sama haɗin farin yumɓu da garin alumina rabi da rabi, a bar shi ya bushe sarai. Idan ana so a riƙa juya allon domin kada ya lotsa, sai an kankare tsohon shafin tukuna, in ba haka ba ɓarɓashinsa zai zuba kan kayan da ke ƙasa. Siririn allon silikon kabaid kuwa ɗigar ba ta shigarsa, da ɗan ƙarfe mai faɗi ake ɓamɓare ta, ba a kai masa guduma. Mai kankara ya rufe hanci da baki da abin tace ƙura, ya sa tabarau, domin ƙurar yashi tana taruwa a huhu ta haddasa ciwon da ba ya warkewa.

Abin Da Za A Iya Yi A Gida

Ba kowane magini ne allon waje zai yi wa amfani ba. Wanda ke gashi sau ɗaya a wata zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba, amma ƙungiyar da ke kunna tanderu kowane mako tana iya fara da alluna kaɗan, ta auna gas ɗin da take ƙonawa kafin saye da bayansa, sa'an nan ta yanke shawara da hujja a hannu.

Akwai kuma hanyar gida. Kayan haɗa kodiyarait suna nan a Arewa: farin yumɓu a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, dutsen hoda a Kagara ta Jihar Neja. Hukumar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1987, aikinta ke nan nemo irin waɗannan madadi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta daɗe tana koyar da ilmin tangaran. Lafiya ma tana da nata abin bayarwa, watau ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casarta. Idan aka cuɗa shi da yumɓu mai jure wuta aka gasa, ɓuntun yakan ƙone ya bar ƙananan ramuka, a sami tubali marar nauyi mai riƙe zafi. Irin wannan haɗi ba shi da ƙarfin da za a yi allo da shi, amma ya dace da bangon tanderu, inda shi ma ake asarar wuta mai yawa.

Saura ya rage ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya da kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da ma'aikatar ciniki su dubi wannan fanni, su gwada yumɓun jihar su san wanda ke jure wuta, su horar da matasa ginin tanderu, su kuma taimaka wa ƙungiyoyin magina mata su haɗa kuɗi su mallaki tanderu guda da allunansa, tare da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin adana su.