Kare da Kyanwa a Daren Halloween: Wa Ya Ci Riba?

Da zarar watan Oktoba ya kama a Amurka, kantuna da ƙofofin gidaje sukan sauya kama. Kabewa a kan dakali an fafe ta an yi mata ido da haƙora, kwarangwal na roba yana lilo a baranda, saƙar gizo-gizo ta ƙarya ta lulluɓe shinge. Cikin wannan ado akwai dabbar da ba a rasa hotonta: baƙar kyanwa, ta tada doro, gashi a tsaye, ido jajir. Tana jikin katin gaisuwa, tana jikin ledar alewa, tana zaune a bayan mayya a kan tsintsiya. Amma ranar 31 ga wata, in yara suka fito da almuru, dabbar da za ka gani a titi da ƙafafunta kare ne, an sa masa riga da hula yana biye da ubangidansa. Ita kyanwar ta gaske ta nemi lungu ta shige tun ƙararrawar ƙofa ta farko.

Bikin ya samo asali daga Samhain, shagalin ƙarshen kaka na mutanen Ailan da Sukotlan na da, wanda daga baya ya haɗu da jajibirin ranar tunawa da waliyyan Kirista ta 1 ga Nuwamba. Mutanen Ailan da yunwar shekarun 1840 ta koro su suka ƙetara da shi Amurka. Yau abin da ya rage galibi shi ne yara su yi shigar dodo ko fatalwa, su bi gida-gida ana ba su alewa, kusan yadda namu ke tashe da azumi, sai dai babu waƙa babu wasan kwaikwayo. Kasuwa kuwa ta buɗe. Ƙungiyar 'yan kasuwar sari da sayarwa ta Amurka, National Retail Federation, ta ƙiyasta cewa a 2023 za a kashe dala biliyan 12.2 a kan bikin, kuma kimanin dala miliyan 700 daga ciki tufafin dabbobin gida ne. Shigar kabewa ce ta daɗe tana zuwa ta ɗaya.

Mafi yawan waɗannan riguna a jikin kare suke ƙarewa, kuma ba abin mamaki ba ne. A unguwar East Village ta birnin New York, tun farkon shekarun 1990 ake faretin karnuka na dandalin Tompkins Square, inda ɗaruruwan karnuka ke fitowa, dubban mutane na kallo. Ga wanda aka mayar zaki, ga wanda aka mayar ɗan sanda, ga mai dogon jiki da gajerun ƙafafu an cusa shi tsakanin ɓari biyu na burodin soso. Babu wani taro irin wannan na kyanwoyi, kuma ba za a yi ba. Kare ya shafe sama da shekara dubu goma sha biyar tare da ɗan Adam, yana farauta da shi, yana kiwo da shi, yana karanta fuskarsa. Ya saba da igiya a wuya, a ƙasashen sanyi ma ya saba da rigar hunturu. Ba na jin akwai karen da ya san an mayar da shi zaki. Abin da ya sani shi ne yau kowa na kiran sunansa, kowa na shafa kansa, kuma ana ta miƙo masa ɗan abin taɓawa. Ga karen da ke son jama'a, wannan ba ƙaramar rana ba ce.

Sai dai ba kowane kare ne ke son jama'a ba, kuma mai kare yakan ga abin da yake so ya gani. Karen da ke yawan hamma ba barci yake ji ba. Wanda ke lasar leɓe, ya kwantar da kunne, ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya kau da kai har farin idonsa ya fito, cewa yake a cire masa. Da haki kare ke fitar da zafin jikinsa, don haka irin masu dakakkiyar fuska, kamar bulldog da pug, waɗanda dama numfashi ke yi musu wuya, riga mai kauri a cikin cunkoso na iya kai su ga suma. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA a Ingila ta sha jan kunnen mutane a kan yi wa dabbobi shiga don nishaɗi kawai. Akwai kuma matsalar ƙofa. Karen da aikinsa ke nan ya yi haushi in baƙo ya zo, yau ƙararrawa na kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, kuma duk wanda aka buɗe wa ya rufe fuska. Yaron maƙwabta da ya sani sarai ya zo masa da kan dodo da mayafi har ƙasa. In ya kai cizo, shi za a ba laifi.

Hausawa sun ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. To a wannan biki abin da ke faɗowa ƙasa shi ke kashe shi. Cakulan na ɗauke da sinadarin tiyobiromin, wanda jikin mutum ke narkarwa da sauri, na kare kuwa yakan daɗe yana fama da shi. Sai amai da gudawa, bugun zuciya ya tsananta, jiki ya kama rawa, in abin ya yi yawa har farfaɗiya. Baƙin cakulan mai ɗaci ya fi mai madara haɗari nesa ba kusa ba, kuma abin da babban kare zai ci ya sha da ƙyar, ƙarami ba zai kai labari ba. Wanda ya fi wannan sharri shi ne zailitol, abin zaƙin da ake sa wa cingam da alewar da aka rubuta ba su da sukari. Ga mutum ba komai ba ne. Ga kare kuwa yakan sa jiki ya kwararo insulin, sukarin jini ya faɗi warwas, wani lokaci cikin ƙasa da sa'a guda, kuma yana iya lalata hanta. Har gidan da ya ce shi ba zai ba yara alewa ba, zabibi zai raba don lafiyar haƙoransu, bai tsirar da kare ba, domin inabi da zabibi na iya kashe masa ƙoda. Kare kuma ba ya ɓare leda. Da takarda da tsinke yake haɗiyewa, su je su toshe hanji.

A nan kyanwa ta tsira, ba don wayo ba. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Philadelphia suka nuna cewa ƙwayar halittar da ke sa harshe ya ji zaƙi a lalace take a jikin kyanwa da wasu manyan danginta. Cakulan guba ne gare ta ita ma, amma ba abin da ke janta zuwa gare shi. Nata haɗarin na ido ne da farce: kyandir ɗin da ke ci a cikin kabewa, wanda jela ke iya shafa ko ta ture, zare da kintinkirin ado, da in ta haɗiye sukan tattare hanji har sai an yi tiyata, da ƙananan sandunan roba masu haske da yara ke ratayawa, waɗanda in ta huda ruwan cikinsu mai ɗaci zai sa ta yi ta dalalar da miyau.

Babbar asararta ita ce natsuwa. Kare na mutum ne, inda ubangidansa yake nan ne gida. Kyanwa ta wuri ce. Ta san kowane lungu da ƙamshinsa, ta goga kumatunta a jikin kujera da ƙofa don ta san nata ne, kuma duk abin da ya sauya tsarin gidan barazana ne a gare ta. Riga kuwa ta fi mata muni fiye da kare, don da gashin baki da fatar jiki take auna duniya, da harshe take wanka. Shi ya sa kyanwar da aka sa wa riga takan sandare, ko ta faɗi gefe ɗaya kamar an zare mata laka. Masu ɗaukar bidiyo suna dariya su ɗora a TikTok. Ni dai ban ga abin dariya ba a dabbar da tsoro ya hana motsi.

To ta yaya wadda ba ta son bikin ta zama tambarinsa? Tarihin na da tsawo. A 1233 Fafaroma Gregory na Tara ya fitar da wasiƙar da ake kira Vox in Rama, inda aka zargi wasu 'yan bidi'a a Jamus da bautar Shaiɗan a wani taro da baƙar kyanwa ke bayyana a cikinsa. A zamanin farautar mayu a Ingila, musamman ƙarni na 16 da na 17, an yi imani mayya na da aljanin da ke yi mata hidima a siffar dabba, kuma tsohuwar da ke zaune ita kaɗai da kyanwarta ba ta da mai kare ta daga wannan zargi. Abin lura shi ne baƙin kare ma ya sha irin wannan suna. Mutanen gabashin Ingila na da labarin Black Shuck, ƙaton baƙin kare da aka ce ya kutsa cocin garin Bungay ana tsawa a watan Agustan 1577, mutane suka mutu. Amma kare ya wanke kansa, kyanwa ba ta wanke ba. A ganina dalilin a fili yake: kare na zuwa in an kira shi, aikinsa a bainar jama'a yake yi. Kyanwa da dare take yawo, ba a jin takunta, ba ta amsa kira sai ta ga dama. Mutum kuwa ba ya yarda da abin da ba ya iya ba umarni. Ko a wurinmu, inda mage ke kwana a ɗaki kare na waje, kuma kowa ya san darajarta tun daga laƙabin Abu Huraira, in baƙa ta gifta da tsakar dare akwai mai yin a'uziyya.

Wannan baƙin jini yana da sakamako har yau. Shekaru da dama wasu gidajen kula da dabbobi marasa gata a Amurka sukan daina ba da baƙaƙen kyanwoyi a watan Oktoba, don tsoron masu tsafi ko masu neman abin ado na dare ɗaya. Niyyar mai kyau ce, amma ba a samu hujjar da ta nuna ana yi musu illa fiye da kullum a wannan wata ba, kuma kyanwar da aka hana fita tana ƙara makonni a keji a wurin da dama ya cika. Da yawa daga cikin gidajen sun juya akalar, yanzu a Oktoban suke tallata su. A Birtaniya, inda a gargajiyance ma baƙar kyanwa alamar sa'a ce kamar a Japan, ƙungiyar Cats Protection ta ware 27 ga Oktoba tun 2011 don jan hankalin masu neman kyanwa zuwa ga baƙaƙen da ake tsallakewa.

In aka ɗora su a sikeli, kare ne ke da abin samu a daren, shi ne kuma ya fi kusa da teburin likitan dabbobi. Nasa haɗarin mai shi na iya kawar da shi: a ɗaga kwanon alewa sama, a bar shi da ɗan kyalle a wuya maimakon riga har da hula, a koma gida da zarar ya fara kau da kai. Kyanwa ba ta da abin samu ko kaɗan, don haka duk wanda ya ce yana bikin tare da ita, kansa yake yi wa. Iyakar alherin da za a yi mata shi ne ɗaki a rufe tun kafin magariba, da ruwa da abinci da kaskon bayan gidanta, don ƙofar da ake buɗewa sau barkatai ita ce hanyar ɓata.

A Birtaniya ma rinjayen kare ba ya wuce kwana biyar. Ranar 5 ga Nuwamba ake daren tunawa da yunƙurin Guy Fawkes na tarwatsa majalisa a 1605, kuma da wasan wuta ake yin sa, ƙarar na tashi daga kowace unguwa har tsawon mako. Karen da ya yi faretinsa yana kaɗa bindi shi ne zai kama makyarkyata yana tonon ƙofa, har wasu masu shi kan je wurin likita tun Oktoba neman maganin da zai kwantar masa da hankali.