Daga Teburin Abinci Zuwa Aikin Taimakon Jama'a

A birane da dama na duniya, daga Shikago har zuwa Kano, akwai wani irin taro da ke zama mako-mako a ɗakin otal ko wani zaure da aka saba. Mutum ashirin ko talatin ne, a ciki da likita da lauya da ɗan kasuwa da injiniya. Shugaba zai buga ƙararrawa, a ci abinci, a yi sanarwa, sannan a gabatar da baƙon ranar ya yi jawabi na kamar minti ashirin, a yi masa tambayoyi, a tashi kowa ya koma wurin neman abincinsa. Haka ƙungiyoyi irin su Rotary da Lions ke tafiyar da zamansu. Wanda ya leƙo daga waje yakan ce wannan hira ce ta masu hannu da shuni, aikin taimako kuwa yana can wurin haƙa rijiya da gyaran aji da rabon magani. Ni ina ganin rijiyar da ajin da maganin duk daga wannan zama suke fitowa, kuma ƙungiyar da ta raina haɗuwar 'ya'yanta da sauraron baƙo ba ta daɗewa tana yi wa kowa aiki.

Tarihin waɗannan ƙungiyoyi da kansa shaida ne. Ranar 23 ga Fabrairun 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya haɗu da abokansa uku a wani ofis a Shikago ta ƙasar Amurka. Harris ya tashi a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, ya zo babban birni ya iske mutane na ciniki da juna ba tare da sun san juna ba. Abin da ya tara su ranar nan neman abokai ne waɗanda za a amince da su, kuma da farko sukan zaga ofisoshin juna suna zama. Sai da aka yi shekara biyu ana wannan haɗuwa, a 1907, sannan ƙungiyar ta yi aikinta na farko ga jama'a, wato fafutukar a gina bayan gida na gama-gari a tsakiyar birnin. Ita ma Lions haka ta faro. Melvin Jones, mai sana'ar inshora, yana cikin wata ƙungiyar 'yan kasuwa masu haɗuwa a ci abincin rana, sai ya tambayi 'yan uwansa ko ba za su juya basirarsu da sanayyarsu wajen kyautata garinsu ba. Daga nan aka kafa Lions a 1917. A duka biyun sabo ne ya zo da fari, aiki ya biyo baya, kuma yau kowace ɗaya tana da mambobi sama da miliyan guda.

Dalilin wannan jeri ba ɓoyayye ba ne. Aikin sa-kai ba shi da albashi, ba shi da ɗan sanda mai tilasta wa mutum ya cika alkawari. Wanda ya ce zai kawo buhun siminti goma ranar Asabar, abin da ke sa shi ya kawo shi ne ya san ranar Talata zai zauna kusa da mutanen da ya yi wa alkawarin, su haɗa ido. Wanda aka ba ajiyar kuɗin ƙungiya yakan kiyaye amana saboda masu kuɗin sun san gidansa, sun je sunan ɗansa, sun yi masa ta'aziyya. Hausawa sun daɗe da sanin wannan a gayya: mai gona ba ya kiran mutane noma ya bar su da fartanya kawai, sai an dama fura, an yi tuwo, makaɗi ya zo, kuma ba wanda ke cewa tuwon ɓarna ne, domin da shi gayyar ta tsayu. Rotary ta ƙara wata dabara a kan wannan. Tun farko ta tsara cewa kowane reshe ya ɗauki mutane daga sana'o'i daban-daban, har a da mutum ɗaya ake ɗauka daga kowace sana'a. Sakamakon haka, idan maganar gyaran asibitin unguwa ta taso, mai zanen gini da mai sayar da kwano da ma'aikacin banki da likita duk suna teburi ɗaya, kuma sun riga sun saba.

Sabo shi kaɗai yana da haɗarinsa. Mutanen da suka jima tare sukan koma suna maimaita wa juna abin da suka riga suka sani, taimakonsu ma ya tsaya a kan abin da idonsu ya saba gani. Maganin wannan shi ne baƙon da ake gayyata, kuma babu misalin da ya kai na Helen Keller. An haife ta a 1880, ta rasa gani da ji tun ba ta cika shekara biyu ba, amma ta yi karatu har jami'a, ta zama marubuciya. A ƙarshen watan Yunin 1925 aka gayyace ta babban taron Lions a jihar Ohayo, ta tsaya gaban mazajen nan masu lafiya da dukiya ta roƙe su da su zama mayaƙan makafi. Kafin ranar, Lions ƙungiya ce mai taɓa wannan aiki ta taɓa wancan. Bayanta, kula da lafiyar ido ya zama abin da duniya ta san ta da shi. A 1930 reshenta na garin Peoria ya yaɗa amfani da farar sanda domin direbobi su gane makaho a hanya, a 1990 kuma ta ƙaddamar da shirin SightFirst wanda ya ɗauki nauyin aikin yanar ido ga miliyoyin mutane a ƙasashe matalauta. Waɗanda suka saurari Keller sun sha wuce makafi a titi kafin nan. Abin da ba su taɓa samu ba shi ne makauniya ta tsaya a gabansu a matsayin malama, su kuma su yi shiru su saurara.

Labarin shan inna ya fi kusa da mu. A ƙarshen shekarun 1970 shugaban Rotary na duniya, Clem Renouf ɗan Ostareliya, ya ga yadda aka kusa gamawa da cutar agana, sai ya tambayi wani ɗan ƙungiyar, Dakta John Sever, masanin cututtuka masu yaɗuwa, ko akwai wata cutar da za a iya yi wa haka. Sever ya ce shan inna. A 1979 Rotary ta fara aikin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin, a 1985 ta kafa shirin PolioPlus, a 1988 kuma ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka aka buɗe yaƙin a duniya baki ɗaya. A wannan shekarar cutar na shanye ƙafafun yara kimanin 350,000 a ƙasashe 125. Rassan ƙungiyar sun tara fiye da dala biliyan 2 domin wannan aiki, kuma wanda ya ba da kuɗinsa shekara da shekaru don yaron da bai taɓa gani ba, ya bayar ne saboda wani likita ko ma'aikacin rigakafi ko wanda cutar ta taɓa ya zo taronsu ya yi masa bayani. Reshen Rotary na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi a 1961, daga cikinsa ne kuma lauya Jonathan Majiyagbe ya fito ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar ta duniya a 2003. A shekarar ce aka dakatar da rigakafin a Kano saboda shakkun da jama'a ke da shi, aka ci gaba a 2004. Shakkun bai kau da allunan talla ba, sai da sarakuna da malamai da likitoci suka yi ta zama da mutane ana tambaya ana ba da amsa. Najeriya ta ga ƙarshen asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Duk da haka akwai masu suka, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko su ce kuɗin abincin otal da ya ishi marayu goma. A ƙa'ida, ɗan ƙungiya daga aljihunsa yake biyan abin da ya ci, kuɗin aiki kuwa asusunsa daban. Bugu da ƙari, idan aka soke zaman, kuɗin abincin ba ya komawa hannun marayu, yana komawa gidan kowa ne, bayan wata shida kuma babu ƙungiyar da za ta tuna da marayun. Amma masu sukar sun yi gaskiya a wuri ɗaya. Akwai rassan da bikin rantsar da shugaba ya fi aikin shekararsu tsada, inda baƙon jawabi ke zama babban mutumin da ake fatan ya yi alkawarin miliyoyi a lasifika, a ba shi lambar yabo, a ɗauki hoto, alkawarin kuma ya bi iska. Wannan ya saɓa wa manufar zaman tun daga tushe. Hanyar gane bambanci mai sauƙi ce: a duba ko an zaɓi baƙon saboda abin da ya sani ne ko saboda abin da ya mallaka, a kuma duba littafin sakatare a ga me aka yi bayan tafiyarsa.

Suka ta biyu ita ce waɗannan ƙungiyoyi na 'yan boko ne da attajirai, kuma baƙi ne a wurinmu. Gaskiya ne ƙofarsu ta daɗe a tsuke. Rotary ba ta buɗe wa mata ƙofa a duniya ba sai 1989, bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987, kuɗin shiga kuma har yanzu ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Akwai kuma malaman addini da suka nuna rashin natsuwa da asalin irin waɗannan ƙungiyoyi, mutane da yawa kuma na guje musu saboda haka. Ba ina kiran kowa ya shiga Rotary ko Lions ba ne. Abin da nake karewa tsari ne, tsarin kuwa ba mallakin kowa ba ne, mu ma mun taɓa riƙe shi. A farkon shekarun 1940 an yi wata ƙungiyar tattaunawa a Bauchi inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke zama da ma'aikata da malaman makaranta, a ɗauki batu guda, wani ya yi bayani, a yi muhawara, har kan yadda ake mulkin ƙasa. Mutanen da suka koyi magana da sauraro a wannan zama su ne suka riƙe siyasar Arewa daga baya. Yau kusan kowace unguwa tana da ƙungiyar ci gaba, kowace makaranta tana da ta tsofaffin ɗalibai, kowace kasuwa tana da ta 'yan sana'a, ga 'yan agaji, ga ƙungiyoyin mata masu adashi. Mafi yawansu ba sa haɗuwa sai an yi rasuwa ko gobara ko zaɓen shugabanni ya zo, kuma da wuya su kira wani daga waje don kawai ya koya musu abu.

Suka ta uku ta zamani ce: ga waya a hannun kowa, ga zauren WhatsApp, ga laccoci a YouTube kyauta, me ya sa sai an taka an je? A Amurka ma wannan tunani ya yi tasiri tun zamanin talabijin. Masanin siyasa Robert Putnam ya nuna a littafinsa Bowling Alone na shekarar 2000 cewa shiga ƙungiyoyi da halartar taruka sun yi ta raguwa a ƙasar tun daga shekarun 1960, yarda da juna kuma ta ragu tare da su. Waya tana da amfani wajen kiran taro da tura sanarwa da nuna lissafin kuɗi. Amma laccar bidiyo ba ta san rijiyar unguwarku ba, ba za ka iya katse ta ka ce, "Malam, mu nan matsalarmu daban ce" ba. Saƙon da aka tura wa mutum ɗari biyu kuwa kowa na iya karantawa ya yi shiru, ba wanda zai ji kunya. Zumunci a ƙafa yake, kuma alkawarin da aka yi a gaban mutane ya fi wanda aka rubuta da babban yatsa ƙarfi.

Saboda haka ƙungiyar unguwa da ke son ta rayu ba ta bukatar otal. Ajin firamare bayan la'asar ya isa, da tabarma da shayi ko kunu, muddin ranar tsayayya ce, ko sau biyu a wata, kuma ana farawa a kan lokaci. A kira unguwarzomar asibitin sha-ka-tafi ta faɗi abin da ke kashe mata wurin haihuwa a wannan yanki. A kira shugaban makaranta ya faɗi yara nawa ne ke zaune a ƙasa a aji ɗaya, a kira malamin gona kafin faɗuwar damina, da jami'in kashe gobara kafin hunturu, da alƙali ya yi bayanin takardun fili, da gurgu ko makaho ya faɗi yadda yake shiga masallaci da asibiti. A ba baƙo minti ashirin, a ba masu tambaya kwatankwacin haka, a ba matasa da mata dama su yi tambaya kamar kowa. Kafin a tashi a tsayar da abu ɗaya da za a yi, a rubuta sunan wanda ya ɗauki nauyinsa, a zama na gaba kuma da shi za a buɗe taro. Ƙungiyar da ta riƙe wannan shekara guda za ta san unguwarta fiye da kansilanta, kuma ranar da ta fita neman taimako, za ta je da lissafi a hannu da mutanen da suka yarda da juna a bayanta.