Ciwon Haukan Kare da Dabarar Isar da Magani Cikin Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

A garin Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu da ke masarautar Zuru, kare abokin aikin manomi ne da maharbi. Sai dai cizon mahaukacin kare yakan jawo ciwon da kusan duk wanda alamunsa suka bayyana a jikinsa ba ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa magani yake gazawa, da dabarar da masana suke gwadawa.

2.0 Shingen Ƙwaƙwalwa

Ƙwayar cuta ta bairos ce take haddasa wannan ciwo. Daga bakin rauni takan bi jijiyoyin da suke kai saƙo, sannu a hankali, har ta isa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku. Shi kuwa magani ta jini yake tafiya, kuma a nan gizo yake saƙar. Bangon ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa a matse yake ƙwarai, ba ya barin komai ya wuce sai abin da ƙwaƙwalwa take bukata, kamar iska da sukari. Wannan shi ake kira shingen jini da ƙwaƙwalwa. Ke nan, ɓarawo ya haura ta katanga, mai kawo gudummawa kuma an tsare shi a zaure.

3.0 Ƙwayoyin Nano

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ya kai kimanin nanomita 80,000. Masana sukan ƙera 'yan mitsi-mitsin ƙunshi na kitse ko makamancinsa, masu girman nanomita 100 ko kusa da haka, su dura magani a ciki. Irin wannan ƙunshi aka yi amfani da shi a wasu alluran rigakafin korona a 2020. Domin ya ƙetare shingen, akan liƙa masa wata alama da ƙwaƙwalwa ta sani, wato tamkar mabuɗi.

Abin mamaki, daga jikin bairos ɗin haukan kare aka samo ɗaya daga cikin mabuɗan. A 2007, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ɗauki wani guntun furotin nasa, suka haɗa shi da maganin da yake hana bairos hayayyafa. Suka yi wa ɓerayen da suke ɗauke da wani bairos mai kumbura ƙwaƙwalwa allurarsa ta jini, mafi yawansu kuwa suka rayu. Da hannun maƙiyi aka kama maciji.

4.0 Kammalawa

Har yanzu wannan dabara ba ta zama maganin haukan kare da ake bai wa mutane ba. Saboda haka rigakafi, wanda Louis Pasteur ya fara yi wa ɗan Adam a 1885, shi ne madogara. Wajibi ne malami ya koya wa ɗalibansa cewa duk wanda kare ya ciza a wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a jira alamu. Karnukan gida ma a yi musu allura.

Auna Fahimta

1. Me ya sa bairos yake isa ƙwaƙwalwa, magani kuma ya kasa?
2. Ƙirƙiro wani suna na Hausa da ya dace da ƙwayoyin nano, tare da hujja.