Wace Fulawa Ce Wannan a Tsakar Gidanka?

A bakin manyan titunan Kano, Kaduna da Abuja za ka ga masu sayar da fulawa sun jera dashe cikin baƙaƙen ledoji. Mai saye ya nuna wadda ta burge shi, ya biya, ya kai gida ya dasa. Da wuya a tambayi sunanta. Bayan shekara guda ta yi reshe ta yi fure, yara na wasa a gindinta, akuya na kai mata baki, maigida kuwa iyakar abin da ya sani shi ne fulawa ce.

Wannan rashin sani yana da haɗari. Akwai wata shuka da ake yawan ƙawata gidaje da makarantu da ita, mai dogayen ganye sirara masu kauri, waɗanda kan fito uku-uku a gaɓa ɗaya, furenta ruwan hoda ko fari ko ja. Masana na kiranta Nerium oleander. Ganyenta da furenta da itacenta duk suna ɗauke da dafin da ke rikita bugun zuciya, a jikin mutum da na dabba. Ita da tumfafiya da kariya dangi ɗaya ne, kuma ruwan kariya ma an daɗe ana shafa shi a kan kibiya a wasu sassan Afirka. Haka zaƙami, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, kyan furensa bai hana shi gusar da hankali ba.

To, ta ina ake farawa? Launin fure shi ne abin da ido ke fara kamawa, amma shi ne shaida mafi rauni, domin shuka iri ɗaya tana iya yin launi uku ko huɗu. A fara da ganye: yana fitowa ne bibbiyu suna fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can? Bakinsa sumul ne ko tsage-tsage? Sai a tsinki guda a ga ko kara zai zubo da farin ruwa, a kiyaye ido, a kuma wanke hannu. Daga nan a ƙirga ɓangarorin furen, a leƙa tsakiyarsa, a jira a ga irin 'ya'yan da zai yi.

Abin da ya fi daɗi a wannan aiki shi ne manomi ya riga ya san rabinsa. Duk wanda ya taɓa kallon furen kuɓewa, rama, yakuwa ko auduga ya ga ɓangarori biyar da wani ɗan sanda da ya miƙe daga tsakiya ɗauke da garin fure. Idan ya ga babban jan furen nan na lambu mai wannan siffa, Hibiscus ne, ɗan'uwan yakuwar da ake yin zoɓo da ita. Wani lokaci kuma ido kan yaudaru. Bougainvillea, mai ƙaya da ke lulluɓe katanga, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, abin nan mai launi da ake ɗauka furenta ne ganye ne da ya rikiɗe. Ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya.

Yanzu waya ta kawo sauƙi. Manhajoji irin su PlantNet, iNaturalist da Google Lens suna kwatanta hotonka da ɗimbin hotunan da aka tara, su ba da sunayen da suka fi kusa. A ɗauki fure daban, ganye daban, sannan shukar gaba ɗaya. Sai dai amsarsu zato ce, kuma a ganina ganganci ne mutum ya dafa ganye ya sha don kawai waya ta ce zogale ne.

Mai son tabbaci yana da inda zai je. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan suna da ma'ajiyar busassun tsirrai, inda ake gwada reshen da aka kawo da wanda aka adana. A nan sunan kimiyya mai kalma biyu, tsarin da Carl Linnaeus ya kafa a 1753, yake amfani, don suna ɗaya na Hausa yakan hau kan tsirrai daban-daban daga gari zuwa gari. Duk da haka ilimin tsofaffinmu ba abin rainawa ba ne. Tun 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa da ya tattara a ƙasar nan, kuma har yau masana na komawa gare shi.

Don haka kafin ka biya kuɗin dashe, ka tambayi sunansa. Wanda ke cikin gidanka tuni, ka ɗauki hotonsa ka bincika, in kuwa ya tabbata mai dafi ne, ka nisanta shi daga yara da dabbobi, kada kuma a yi girki da itacensa.