Ɗora Manhajar Linux a Kan Tsofaffin Kwamfutoci: Riba da Haɗari

KAFANCHAN — Tsadar kuɗaɗen waje ta sa sayen sabuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke adana bayanan ofis tana rarraba wa sauran, ya gagari ƙananan kamfanoni da dama. Bugu da ƙari, tun ranar 10 ga Oktoba, 2023, kamfanin Microsoft ya daina ba da gyaran tsaro kyauta ga manhajar Windows Server 2012. Duk wanda ya ci gaba da amfani da ita haka, ya bar lissafin kuɗinsa da sunayen abokan cinikinsa a hannun ɓarayin intanet.

Wata mafita ita ce a sauke Windows a ɗora Linux a kan tsohuwar na'urar. Linus Torvalds ne ya fito da Linux a 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Lasisinta ya yarje wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya rarraba. Daga cikin nau'o'inta akwai Debian, wadda aka fara a 1993, da Ubuntu, wadda ta fito a 2004. Da yake ana iya tafiyar da ita da rubutaccen umarni kawai, ba ta cin ƙwaƙwalwar na'ura sosai. Don haka kwamfuta mai shekara goma za ta iya riƙe takardun ƙungiyar dillalan citta a Kachia ko na makaranta a Kajuru.

Sai dai manhaja ba ta maganin tsufan ƙarfe. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta yi amfani da kwamfutoci na hannu wajen horar da jama'a a Bayan Loko da ke Kafanchan, ta kuma kafa Zittnet don kai intanet karkara. Zafi da ƙura da rashin tsayayyiyar wuta sun riƙa kashe irin waɗannan na'urori, abin da ya sa ta shiga aikin kwamfutar Solo mai cin wuta kaɗan.

A nan ne lissafi ya zama wajibi. Na'ura mai cin wat 300, in ta kwana tana aiki kullum, za ta sha yunit 216 a kwana 30. Inda janareta ne madogara, kuɗin mai zai iya cinye abin da aka rage na lasisi.

Kafin a sauya, wajibi ne a kwafe dukkan bayanai zuwa wani faifai dabam, a kuma tabbatar kwafin yana buɗewa. Sannan a gwada Linux daga filashi ba tare da an goge komai ba, a binciki lafiyar faifan na'urar. Haka nan a duba manhajar lissafin kamfanin, domin wasu ba sa aiki sai a kan Windows. Na'urar da ta tsufa ainun kuwa ta fara fita daga tsarin: Debian 13, wadda ta fito a Agustan 2025, ta daina ɗauke da cikakken nau'in tsofaffin kwamfutoci masu bit 32.

A ƙarshe, lasisi ne kyauta, ban da ladan ƙwararre. Kamfanin da ba shi da mai kula da na'urar a kusa, gara ya sama mata ɗaya kafin ya goge Windows.